Yadda za ka saita hargitsin iska a CFD don lissafin zafin fanel ɗin sola ya fito daidai

Assalamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi, musamman ɗaliban UDUS da na Foli ta Umaru Ali Shinkafi da sunka ɗauki firojet kan sanyaya fanel ɗin sola ko busar da albasa da sola ko wani abu mai kama da haka. Magana ɗaya ce za ni yi ta nanatawa a nan: lambar tabulans, wato hargitsin iska, da kake rubutawa a ƙofar shigar iska ba ita ke isa wurin fanel ɗinka ba, kuma wadda ta isa ɗin ita ke yanke hukunci kan yawan zafin da iska za ta kwashe. Mafi yawan mutane suna buɗe Fluent, softwayar CFD (lissafin tafiyar iska da kwamfuta), su tarar da 5% a akwatin ƙarfin hargitsi da 10 a na rashiyon biskositi a inlet, wato ƙofar shigar iska, su bar su yadda suke, su danna lissafi, hoto mai kala ya fito ja da shuɗi gwanin kyau a manna shi a babi na huɗu, alhali sakamakon na iya kaucewa gaskiya da ninki biyu ko fiye.

Kafin mu shiga matakai bari mu daidaita fahimta. Duk abin da iska ke bi ta kansa, akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da shi, saurinta sifili ne daidai kan gilashin sannan ya riƙa ƙaruwa har ya kamo saurin iskar waje. Ita ce baundari leya, wadda Ludwig Prandtl ya bayyana a 1904 a Jamus. Ga fanel mai zafi wagga shimfiɗa bargo ce, kuma kowa ya san abin da bargo ke yi ma mutum a watan Afirilu a Sakkwato. In tana kwance lamina, wato tana tafiya a natse, bargon na riƙe zafi sosai, in ta hargitse iskar waje mai ɗan sanyi na kutsowa har kusa da gilashin ta kwashi zafi ta tafi. Shi kuwa hargitsin da iskar ta taho da shi tun daga nesa aikinsa biyu ne, shina sa shimfiɗar ta juye daga lamina zuwa tabulan, wato a hargitse, tun da wuri, kuma ko bayan ta juye shina ƙara motsa ta.

Mataki na farko, kada ka kunna laftof tukuna, ɗauko biro da kalkuleta. Mu ɗauki fanel mai tsawon mita 2, iska na gudu mita 3 a daƙiƙa. Iskar gari na digiri 40, gilashi na wajen 60, don haka sifofin iska za ka ɗauke su a tsakiya, wajen digiri 50: ν (biskositi, wato danƙon iska) kusan 1.8×10⁻⁵, kondaktibiti 0.028, lambar Prandtl 0.71. Lambar Reynolds a ƙarshen fanel ta zama 3 × 2 ÷ 0.000018, wato kusan 333,000. Littafin aji zai ce maka juyawa na faruwa a 500,000, ke nan dut fanel ɗin lamina ne. Ka lissafa lambar Nusselt da Nu = 0.664 Re^0.5 Pr^(1/3), za ka samu kusan 342, h kuma, wato ma'aunin yadda iska ke kwashe zafi, kusan 4.8 W/m²K. To yanzu ka ɗauka tun daga baki a hargitse take, Nu = 0.037 Re^0.8 Pr^(1/3), za ka samu kusan 865, h ya haura 12. Ka ga tazarar da muke magana. In saman fanel na buƙatar zubar da wat 300 a kowane murabba'in mita ta hanyar iska, da h na farko gilashi zai ɗara iskar gari da digiri sittin da wani abu, da na biyu digiri 25 kacal. A zahiri tazarar ba ta kai haka ba don bayan fanel da radiyeshin suna ɗaukar nasu kaso, amma tunda fanel na silikon na asarar wajen 0.4% na ƙarfinsa a kowane digiri ɗaya da ya hau, ba ƙaramar magana ba ce.

Ita 500,000 ɗin nan ba doka ba ce. Schubauer da Skramstad a Amurka, cikin ramin gwajin iska mai natsuwa ƙwarai da hargitsinsa bai wuce 0.03% ba, sun ga lamina ta jure har kusan miliyan 2.8. In hargitsi ya wuce kamar 1% kuwa, hanyar juyawar ma canzawa take, ba a jiran ƙananan igiyoyin nan na Tollmien da Schlichting su girma sannu a hankali, wasu dogayen zirin iska ne masu sauri da marasa sauri ke fitowa cikin shimfiɗar su karye nan take, abin da ake kira baifas tiransishin. Mayle a 1991 ya ba da ƙa'ida mai sauƙi: Re_θ (lambar Reynolds bisa kaurin momentum na shimfiɗar) na fara juyawa = 400 × Tu^(−5/8), Tu, wato ƙarfin hargitsi, a lissafin kashi cikin ɗari. Haɗa ta da ta Blasius, Re_θ = 0.664 √Re_x, inda Re_x ita ce lambar Reynolds a nisan x daga bakin fanel, ka gwada kan fanel ɗinmu. Da 1% juyawa za ta fara a mita 2.2, an riga an wuce fanel ɗin. Da 3% a wajen santimita 55. Da 10% a wajen santimita 12. Rubuta waɗanga lambobi a gefe, da su za ka kama kwamfuta in ta yi maka ƙarya.

Mataki na biyu shi ne ka yanke shawarar wane hargitsi ne ya dace da aikinka. Tu dai shi ne yawan kai-komon saurin iska a raba da matsakaicin saurinta. In a lab kake da ramin iska mai raga da saƙar zuma a gaba, yawanci ƙasa da 1% ne. Cikin bututu kamar na busar da kayan gona, akwai ƙiyasin 0.16 × Re^(−1/8) da ke ba da wajen 4 zuwa 5%. A fili kuwa labarin daban ne, ƙiyasin da anka saba shi ne 1 ÷ ln(z/z0), a buɗaɗɗen wuri irin kewayen filin jirgin Sultan Abubakar III, da z0, ma'aunin kaushin ƙasa, kamar mita 0.03 da tsawo z mita 10, za ka samu kusan 17%, kan rufin gida a Mabera ko Runjin Sambo inda akwai katanga da tankin ruwa da darbejiya ai sai abin da ya ƙaru. Shi ya sa ma'aunin da Test da abokan aikinsa sunka yi a waje a 1981 ya ba da h = 8.55 + 2.56V, a mita 3 ke nan 16 da ɗoriya, ya fi ƙarfin lissafin lamina nesa ba kusa ba.

Amma a nan akwai tarko. Ba ƙarfin hargitsin kaɗai ke aiki ba, har da girman guguwoyin da ke cikinsa. Guguwar da faɗinta ya kai mita ashirin ba ta motsa shimfiɗa mai kaurin santimita shida, abin da fanel ke ji kawai iska ta ɗan ƙaru ta ɗan ragu. Waɗanda girmansu ya yi kusa da kaurin shimfiɗar su ke kutsawa ciki. Hancock da Bradshaw a 1983 sun haɗa abu biyun wuri ɗaya, Tu ÷ (L/δ + 2), L girman guguwa, δ kaurin shimfiɗa, kana gani da L ya yi girma tasirin sai ya faɗi. Don haka in ba ka da na'urar auna iska mai saurin ɗauka, kuma na san mafi yawanmu ba mu da ita, anemomita mai kofuna da bayanan NASA POWER matsakaicin sauri kawai za su ba ka, shawarata kada ka ƙirƙiri lamba ɗaya ka rantse a kanta. Ka gudanar da 1%, 3%, 6% da 10%, ka nuna yadda h ke tafiya tsakaninsu. Wannan ya fi mutunci gaban eksitanal.

Mataki na uku, nan ne zuciyar aikin, a natsu. Kwamfuta ba ta san Tu ba, k (enajin hargitsi) da ω ta sani. k = 1.5 × (U × Tu)². Ita ω hanya biyu ake samunta, ko dai daga girman guguwa, ω = √k ÷ (0.5477 × L), ko daga rashiyon biskositi, ω = k ÷ (ν × rashiyo). Kuma ω ita ce saurin mutuwar hargitsin. Daga ƙofar shiga zuwa bakin fanel babu abin da ke haifar da sabon hargitsi a cikin lissafin, wanda ka zuba ne kawai ke ta narkewa a hanya. A model ɗin SST, ɗaya daga cikin model ɗin hargitsi da za mu gani a mataki na huɗu, ana iya lissafa narkewar da hannu:

Tu(x) = Tu₀ × (1 + 0.0828 × ω₀ × x ÷ U)^(−0.543)

To mu gwada. Ƙofa na nesa da fanel da mita 5, ka bar 5% da rashiyo 10. k = 0.03375, ω = 187.5. Saka su, abin da ke isa bakin fanel 0.84% ne. Ka zuba biyar, ƙasa da ɗaya ya iso, kuma mun riga mun ga da 1% fanel ɗin lamina zai zauna har ƙarshe. Sai wani ya ce to bari in ɗaga zuwa 10% mana. In ka ɗaga ka bar rashiyo a 10, k ya koma 0.135, amma ω ma ta hau zuwa 750, abin da ke isowa 0.8%. Ka ninka hargitsi amma abin da ya iso bai motsa ba, har ya ɗan ragu. Daga nan ne ake samun rahoton firojet da ke cewa wai an gwada an ga tabulans ba shi da tasiri kan zafi, alhali tabulans ɗin ne bai taɓa ganin fanel ɗin ba.

Gyaran hanya uku ne, ka zaɓi wadda ta dace ko ka haɗa. Ta ɗaya ka rage ω ta hanyar ba da girman guguwa mai ma'ana. Da 10% da L na santimita 10, ω ta zama 6.7, abin da ke isowa kusan 7%. Da L na rabin mita, ω 1.34, ya iso da 9.1%. Sai dai ka lura rashiyon biskositi ya tashi, wajen 1,100 a na farko, wajen 5,600 a na biyu, kuma in ya yi yawa haka shina iya malalowa cikin shimfiɗar ya ɗaga gogayya da zafi tun a yankin da ya kamata ya zama lamina, don haka ba a yi masa hawan ƙawara. Ta biyu ka matso da ƙofar kusa, in fanel ɗin a kwance yake daidai da iska mita ɗaya ko ƙasa da haka ta wadatar, in a karkace yake kamar yadda muke kafa su nan da digiri 13 zuwa 15 to kada ka matso sosai don fanel ɗin na tura matsi baya zuwa wajen ƙofar. Ta uku ka hana narkewar gaba ɗaya da dabarar da Spalart da Rumsey sunka kawo a 2007, a softwayar OpenFOAM ta kamfanin ESI akwai decayControl cikin saitin kOmegaSST, ka kunna ka ba shi kInf da omegaInf. Ni dai na fi son ta ɗaya haɗe da ta biyu don sun fi sauƙin bayani ranar difens.

Ko wacce ka bi, ka juya lissafin baya: fara da Tu da kake so a bakin fanel, sannan ka nemo abin da za ka zuba a ƙofa. Shit ɗin Excel mai layi biyar ya isa.

Mataki na huɗu, zaɓen model. k-epsilon na asali, na Launder da Spalding na 1974, da wol fankshin ɗinsa, bai san wani abu wai shi lamina ba, daga baki yake ɗaukar shimfiɗa a hargitse. SST na Menter na 1994 ya fi shi kyau kusa da bango amma shi ma juyawarsa da wuri take zuwa kuma ba bisa ƙa'idar zahiri ba. Spalart-Allmaras ba shi da k ma sam, ka ajiye shi don wanga aiki. In tambayarka ita ce ina juyawa ke faruwa, kana buƙatar model na tiransishin: γ-Reθ na Langtry da Menter, wanda Fluent ke kira Transition SST, OpenFOAM kuma kOmegaSSTLM, ko ƙaninsa mai lissafi ɗaya na γ da ya fito a 2015 wanda ya fi sauƙi ga ƙaramin laftof, ko k-kl-ω na Walters da Cokljat na 2008. A kOmegaSSTLM za ka ƙara fayil biyu a folda 0, gammaInt da ReThetat. gammaInt ka sa 1 a ƙofa, zeroGradient a bango. ReThetat a ƙofa, in Tu ya wuce 1.3%, shi ne 331.5 × (Tu − 0.5658)^(−0.671).

Gaskiya ɗaya da ba a cika faɗi ba, in ka tabbata hargitsinka ya kai 10% ko fiye, juyawa na faruwa cikin santimita goma sha na farko, SST zalla zai ba ka amsa kusa da ta model mai tsada. Wahalar tiransishin tana biya ne a tsakanin 1% da 6%.

Mataki na biyar, mesh, wato ragar ƙananan sel da ake yanka yankin lissafi. Model ɗin tiransishin ba shi yafiya a nan, y+ (ma'aunin nisa daga bango) na sel na farko ya zama 1 ko ƙasa, ba wol fankshin. Lissafa: Cf, ma'aunin gogayya, a ƙarshen fanel = 0.0592 × Re^(−0.2), kusan 0.0047, saurin gogayya u_τ = U × √(Cf/2), kusan 0.145, sai y = ν ÷ u_τ, kusan milimita 0.12. Tunda gogayya ta fi ƙarfi a baki, ka fara da 0.05. Kaurin shimfiɗar a ƙarshe wajen santimita 6 ne, da girman sel na ƙaruwa da 1.15 za ka buƙaci leya kusan 37 zuwa 40 kafin ka rufe ta. Kada ƙaruwar ta wuce 1.2, in da hali ma 1.1. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsawon sel ta hanyar da iska ke bi, suna matse sama da ƙasa su bar sel dogaye zalalal, sai wurin juyawa ya riƙa yawo duk sanda anka taɓa mesh. Ka sa aƙalla sel 75 zuwa 100 a tsawon fanel, ka cunkusa su a baki da inda kake tsammanin juyawa. A gaban fanel, ƙasan yankin da iska ke bi kafin ta iso, ka sa symmetry ko slip, ba bango ba, in ba haka ba shimfiɗa za ta fara girma tun kafin fanel.

A 2D dut wanga bai wuce sel dubu hamsin zuwa ɗari ba, laftof mai ram 8 zai ja shi, sigar ɗalibai ta ANSYS ma ta isa. Ka dai kunna otosebin kowane zagaye ɗari biyu saboda halin wutarmu, kuma ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa, wanda ke nazarin sanyaya fanel bai kamata furosesansa ya ƙone ba.

Mataki na shida, kuma don Allah kada a tsallake shi: gwada saitinka kan abin da anka riga anka auna. Akwai jerin gwaje-gwajen T3 na ERCOFTAC da anka yi a dakin gwajin Rolls-Royce a Ingila kan shimfiɗaɗɗen faranti. T3A sauri mita 5.4 a daƙiƙa da hargitsi wajen 3%, T3B sauri 9.4 da wajen 6%, T3A- sauri 19.8 da wajen 0.9%. OpenFOAM na zuwa da T3A a cikin tutoriyal ɗinsa, da k = 0.0476 da ω = 264.6, wato 3.3% da rashiyo 12. Ka gudanar da shi ka zana Cf a kan Re_x. Abin da ya kamata ka gani, layin na saukowa tare da na Blasius, 0.664 ÷ √Re_x, ya kai ƙasansa a wajen 140,000, ya miƙe sama ya gama hawa a wajen 300,000, sannan ya bi layin tabulan a hankali. A T3B hawan na farawa tun kafin 100,000 kuma kwarin bai yi zurfi ba. Daga nan ka yi wasa da shi, mayar da rashiyo daga 12 zuwa 3 ka ga yadda juyawar ke gudu zuwa wajen ƙarshen faranti ba tare da ka taɓa 3.3% ɗin ba. Rabin awa za ta ci maka, amma daga ranar ba wanda zai sake ruɗa ka da maganar inlet.

Wajen lissafi, sekan oda ga dukkan lissafan har da na k da ω da γ. Fes oda na shafe hargitsi kuma shina matsar da wurin juyawa. Kada ka dogara da residuwal kaɗai, ka sa ido kan matsakaicin zafin da ke fita daga bango har sai ya daina motsi, don wurin juyawa kan ci gaba da rarrafe bayan residuwal sun yi kamar sun kwanta.

Mataki na bakwai, kunna zafi. A Fluent ka kunna lissafin enaji, a OpenFOAM simpleFoam ba shi da zafi, sai ka koma rhoSimpleFoam ko buoyantSimpleFoam, ko solba fluid a sababbin sigogin Foundation, da fayil ɗin alphat da Prt, lambar Prandtl ta hargitsi, na 0.85. Ka san irin bangon da ka sa. Fanel a rana ya fi kusa da bango mai zubo zafi daidai wa daida, ba mai tsayayyen digiri ba, kuma ƙa'idar kwatantawa ta bambanta: a lamina 0.453 ne maimakon 0.332, a tabulan 0.0308 maimakon 0.0296. In ka gauraya su za ka ga kuskuren kashi talatin da wani abu a yankin lamina ka yi ta zargin mesh a banza.

Ga wani tarkon da ya fi cin mutanen garinmu. Fluent na lissafa h da digirin da ke cikin Reference Values, kuma wanda ya zo da shi 288.16 K ne, digiri 15, sanyin da sai tsakiyar hunturu da asuba muke ganinsa. In iskarka 313 K ce gilashi kuma 333 K, bambancin gaskiya 20 ne amma shi zai raba da 45, h ɗinka ya faɗi ƙasa da rabi. Ka gyara shi zuwa digirin iskar ƙofa, haka sauri da nauyin iska, don Cf ma daga can yake ɗauka.

Sannan ka duba ko iska mai zafi na tashi da kanta. Lambar Richardson, g × β × ΔT × L ÷ U². Da bambancin digiri 25 da sauri 3 tana wajen 0.17, ana iya lallaɓawa. Da sauri 1 kuwa ta kai 1.5, dole ka kunna grabiti, kuma tsakar rana a bazara sau da yawa iskar ba ta wuce haka.

Mataki na takwas, karanta sakamako. Hoto na farko da za ka fitar ba na zafi ba ne. Ja layi daga ƙofa zuwa ƙarshe, sama da shimfiɗar kamar santimita 20 ko 30, ka zana Tu = √(2k/3) ÷ U a kansa, ka karanta nawa ne daidai saitin bakin fanel. In bai yi daidai da abin da ka nufa ba koma mataki na uku, sauran hotunan ba su da amfani tukuna. In ya yi, zana Nu a tsawon fanel tare da layukan littafi biyu, na lamina da na tabulan. Naka ya kamata ya fara kan na ƙasa ya haura zuwa na sama a kusa da inda Mayle ya nuna maka, ba lalle daidai ba amma unguwa ɗaya. A yankin lamina mai matsi ɗaya hargitsin waje bai cika ƙara zafi sosai ba, wannan tun aikin Kestin na shekarun 1960 anka san shi. Bayan juyawa za ka iya ganin layinka ya ɗan ɗara na littafi, hakan daidai ne, Blair ya auna irin wanga ƙari a 1983 kuma ya ga zafi na ƙaruwa fiye da gogayya. A hargitsi mai tsanani ƙwarai, 20% zuwa sama, Maciejewski da Moffat a Stanford sun ga zafin ya ninka har fiye da sau biyu, kuma a nan model ɗin RANS, irin waɗanda munka ambata a mataki na huɗu, da Prt tsayayye sukan gaza kamo gaskiya, ka faɗi haka a rahotonka kafin a tambaye ka.

In ka zana fanel da kaurinsa na gaskiya, da firem ɗin alminiyom na milimita 30 zuwa 35, abu biyu za su canza. Iska za ta daki goshin firem ɗin ta tsaya, kuma model masu lissafi biyu suna da ciwon ƙirƙiro k na ƙarya mai yawa a irin wanga wuri, sai ya kwarara kan gilashi ya kumbura maka zafi. Maganinsa ka kunna Production Limiter ko gyaran Kato da Launder na 1993, suna nan cikin akwatin model. Na biyu, iskar za ta ɓalle daga kaifin firem ɗin ta yi ɗan kumfa sannan ta sake manne wa gilashi a hargitse, ko da hargitsin waje kaɗan ne, kuma h ya fi yawa daidai inda ta sake mannewa. Ke nan faranti marar kauri na iya nuna maka tasirin Tu fiye da yadda fanel na gaske zai nuna. In lokaci ya ba ka dama ka yi duka biyun ka ajiye su gefe da gefe.

Masu tambayar ƙurar hunturu ko sai an sa ta a matsayin kaushin bango, a'a. Bango na zama santsi a idon iska muddin kaushin bai wuce y+ na 5 ba, a lissafinmu wajen milimita 0.6 ke nan, ƙwayar ƙurar kuwa ba ta kai ko kusa ba. Illarta ga hasken da ke shiga sel ɗin sola ne, can za ka sa ta.

A babin hanyar aiki ka rubuta Tu na ƙofa da Tu na bakin fanel kowanne daban, da L ko rashiyon biskositi da ka yi amfani da shi, da nisan ƙofa daga fanel, da y+ mafi girma, da sunan model da sigar softwaya, da sakamakon mesh uku masu bambancin yawan sel da ke nuna wurin juyawa ya daina motsi. Hoton T3A ɗinka kuma ka sa shi kafin na fanel.